Godiya ga waɗanda suka tsaya mana bayan ruwan Juma'a

Assalamu alaikum jama'ar Maradi, na gida da na waje.

Alhamdulillahi, ni da iyalina mun koma gidanmu. An tada ɗakuna, an rufa kwano, an sa ƙofa, yara sun koma kwana a inda aka yanke musu cibiya. Na bari sai da muka shiga kafin in rubuta wannan saƙo, don a gaban kowa aka taimake mu, a gaban kowa kuma ya kamata in yi godiya.

Duk wanda yake garin nan ya san ruwan ranar Juma'a 30 ga Agusta 2024. An sanar cewa ya kai milimita 150 cikin awa ɗaya da rabi, kuma mutum 15 suka riga mu gidan gaskiya. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyalansu haƙuri. Mu dukiya kawai muka rasa. Gidanmu ginin ƙasa ne tun na mahaifinmu, ruwa ya ci gindin katanga, ɗakuna suka zauna ɗaya bayan ɗaya. Tsofaffi suka riƙa tuna labarin 1945, lokacin da Gulbi ya cinye tsohon gari har aka hau da Maradi kan tudu.

Baba Mai Unguwa, ranka ya daɗe, da kai zan fara, kuma na san ba za ka so wannan rubutu ba. Gari bai gama wayewa ba ka fito da wando naɗe zuwa gwiwa, da wani yaro ɗan makaranta riƙe da littafi, kuna bi gida gida. Ba ka zauna a zaure ka ce a kawo maka sunaye ba, zauren ma ya faɗi, kuma da yawanmu ba mu san haka ba sai daga baya. Kowane gida sai ka shiga da ƙafarka ka ga ɗaki nawa ya zube, mutum nawa ke kwana a ciki, akwai mai jego ko tsoho ko marar lafiya. Da taimako ya fara zuwa, shinkafa da tabarmi da sange da barguna, sai ka ce ba za a sauke ko tiya ɗaya a gidanka ba. A ƙofar masallaci aka sauke, a nan aka ƙirga a gaban liman da jama'a, aka karanta suna ɗaya ɗaya da ƙarfi. Gidajen zawarawa da marayu ne a sama. Sunanka shi ne na ƙarshe a littafin, kuma sau da dama kayan kan ƙare kafin a kai kansa.

Na ga ranar da wani ɗan uwanka na jini ya zo yana neman a sa shi, alhali garken awakinsa ne kawai ya faɗi. Ka ce masa: "Yaya, in ka rasa abin da za ka ci ka zo gidana mu ci tare, amma wannan littafi ba nawa ba ne." Ya tafi da fushi. Na kuma ga ranar da wata baiwar Allah da rabo bai kai gare ta ba ta tsaya ta faɗa maka maganganun da ba a faɗa wa babba. Ba ka ɗaga murya ba, ka bari ta gama, ka sa yaron ya buɗe littafi ya nuna mata inda sunanta yake da waɗanda ke gabanta da dalilin da ya sa. Babba juji ne, haka muka taso muna ji, amma ban taɓa ganin an zuba wa mutum shara da rana tsaka ya shanye ba sai a kanka. Abin da aka kawo bai ishi rabinmu ba, duk da haka ba a yi dambe a unguwarmu ba, ba a kai ƙara ko'ina ba. A ganina ba ƙarancin kaya ke haɗa mutane faɗa ba, zargi ne, kai kuma ka toshe ƙofar zargi tun ranar farko.

Godiya ta biyu ga tsohon kansilanmu. Ba jam'iyyarmu ɗaya ba, ban jefa masa ƙuri'a ba, shi ma ya sani. Tun watan Afrilun 2024 aka rusa majalisun gundumomi, ba shi da kujera, ba zaɓe a gabansa, ba wanda zai tuhume shi da ya zauna gidansa. Amma shi ya san ofishin da ake kai kowace takarda da irin hatimin da ake nema, sai ya mai da wannan sani ya zama na talakawa. Kan babur ɗinsa, da mansa, yake kwasar takardun tsofaffi da matan da ba su iya karatu ba, ya kai, ya jira a layi, ya dawo ya faɗa mana gaskiya, in an samu ya ce an samu, in babu ya ce babu. Bai taɓa ce mana "gobe" don ya kwantar mana da hankali ba. Honorabul, Allah Ya saka. Akwai waɗanda suka zo da motoci da mai ɗaukar hoto, suka ajiye buhu suka tafi. Su ma mun gode, buhun ya shiga ciki, ba mu raina ba. Sai dai mutumin da ya dawo rana ta biyu da ta uku, bayan hoto ya daina amfani, matsayinsa daban ne a zukatanmu. Har yau dattawa in ana hira sai sun ambaci Seyni Kountché, wanda ya riƙe ƙasar nan daga 1974 zuwa 1987. Sun san mulkinsa da tsanani, amma abin da ya fi zama a bakinsu shi ne yakan faɗo ofis ba sanarwa ya gani da idonsa. Talaka ba ya mantawa da wanda ya zo ya gani.

Alhaji maigidana, shekarun da na yi ina auna hatsi a rumfarka ban san ka kamar yadda na san ka a damanar nan ba. Ruwa ya shiga mangazarka, buhuna da yawa suka jiƙe. An ba ka shawara a shanya a gauraya da mai kyau, ba wanda zai gane. Ka sa muka ware su gefe, duk mai saye sai an faɗa masa wannan ya sha ruwa, ga farashinsa daban, wanda ya lalace kuma na dabbobi ne. Asarar ka ɗauke ta kai kaɗai. Lokacin da ban iya fitowa kasuwa ba, kuɗin aikina bai tsaya ba, ka aiko da shi har inda muke, ka kuma hana ɗan aiken ya faɗa a gaban mutane. Yau na faɗa, ka yi haƙuri. Mu yaranka abin da muka ga kana yi shi muke yi in ba ka nan.

Inna Hajiya, uwar adashen matan unguwa, ke kika ce a dakatar da kwasa, a juya zubin wannan lokaci zuwa tukunya. Ba duka mata suka yarda da farko ba, don akwai mai jiran kwasarta ta yi wa ɗiyarta kayan ɗaki. Ba ki yi musu dole ba, kin bi su ɗaya ɗaya, kuma naki kwasar kika fara sakawa. Kunun safe da tuwon dare da yaranmu suka ci a farfajiyar makaranta daga hannunki ne da na ƙawayenki, kuma ban taɓa ganin kin zauna cin abinci ba sai kin ga ƙwarya ta ƙarshe ta fita.

Darakta da malaman makarantar da muka fake a cikinta, mun gode da azuzuwa, mun gode da haƙuri. Hukuma ta ɗage komawa makaranta daga 2 zuwa 28 ga Oktoba, wannan ya ba irinmu damar samun inda za mu sa kai kafin yara su dawo. Rage kuɗin siminti da aka yi a watan Oktoban shi ya sa na iya zuba gindin gini da siminti maimakon in maimaita ƙasa zalla. Ƴan kwana-kwana da likitocin da suka duba mahaifiyata lokacin da zazzaɓin sauro ya kama ta, Allah Ya biya ku. Malam Liman ya tuna mana a huɗuba da Sayyidina Umar a shekarar yunwa ta 18 bayan Hijira, da ya hana kansa cin man shanu har sai jama'a sun samu. Muna sauraro muna kallon mutanen da ke sahu tare da mu.

Ƙannena samarin fada, ku da ake cewa ba ku da aiki sai shayi da hira, ku kuka fito da tsofaffi a goye cikin ruwa, ku kuka cika buhunan yashi, kuka haƙa wa ruwa hanya. Shugabanku bai tsaya a tudu yana nuni da yatsa ba, shebur na farko a hannunsa yake. Tubalin ɗakina da ƙafafunku aka cuɗa ƙasarsa, ba ku karɓi ko dala ba.

Aiki bai ƙare ba. Akwai gidaje a unguwarmu da har yanzu zana ce katangarsu, kuma zauren Baba Mai Unguwa yana nan a zube, ya ce sai na kowa ya tashi. Samari sun yanke shawarar ba za su jira izininsa ba, kowace Lahadi bayan sallar asuba ana buga tubali a filin bayan masallaci, na zawarawa tukuna sannan nasa. Mai amalanke ya zo da ita, mai ganga ya kawo ruwa, mai ƙarfi ya zo da ƙarfinsa. Daga nan za mu faɗa wa magudanar ruwa da shara ta toshe, kafin hadarin farko ya haɗo. Ni ma ina cikin masu cuɗa ƙasa, in Allah Ya yarda.

Wassalamu alaikum.