Juma'ar da muka kwashe gidan Hajiya Babba

Jidda, 2022. Bayan sallar asuba Kawu ya buga min waya, ya ce in zo da dabbab, ƙaramar motar ɗaukar kaya, yau za a kwashe gidan Hajiya Babba. Tun da aka fesa wa bangonta jan fenti, alamar za a rushe gidan, take cewa ba inda za ta, har dai aka yanke wuta. Unguwannin Gulail da Bitrumin an riga an gama rushe su, su Sabil da Kandara ma katafila na ciki. Masu jari bola sun cika lungu, suna zare wayar wuta da tagogin alminiyom daga gidajen da aka bari. Mu da izini muka shiga, kuma sharaɗin Hajiya shi ne duk abin da aka sayar a raba biyu, rabi nata.

Ƙasa ba wani abu, katifu ne da tsohuwar na'urar sanyaya ɗaki. A ɗakin soro, ƙarƙashin tarkacen buhuna, muka ciro adakar ƙarfe wadda tsatsa ta cinye kwaɗonta. Ta mahaifin mijinta ce, wanda ya taso daga Kano a ƙafa. Hanyar da mutanenmu suka sani ya biyo: Maiduguri, Fort Lami, Abeshe, Fashir, Ubayyid, ya tsaya tsintar auduga a Jazira ta Sudan har ya tara kuɗin jirgin ruwa, sannan ya tsallako Bahar Maliya.

Daga saman adakar akwai tasoshin tagulla da dalla guda, butar gahawa mai dogon baki. Kawu ya juya ta yana neman hatimin Raslan, sanannen maƙerin irin wannan buta, don shi masu saye ke fara dubawa. Babu. Cikin wani ƙyalle kuma muka samu liyari guda shida, waɗanda Larabawa ke kira riyal Faransi ko da yake kan sarauniyar Ostiriya ne a jiki, Mariya Tereza. Ɗan ƙanina ya ga 1780 ya fara tsalle. Kawu ya ce masa, "Kwantar da hankalinka, ɗana, duk wanda aka buga bayan rasuwarta wannan shekarar ake sa masa." Darajarsa tana a azurfarsa, nauyin kowanne giram 28. Ya jefa ɗaya a siminti muka ji ƙarar ta fita wasai, alamar ba jabu ba ne. Akwai kuma anini da kwabo masu huji na zamanin Turawa an zura su a zare, da takarda guda ta riyal 10 irin wadda aka fara bugawa a 1953 don alhazai su huta da ɗaukar azurfa mai nauyi, an rubuta ta da harsuna shida. Kafin 1961 ita ce ke matsayin kuɗin takarda a ƙasar nan.

Abin da ya tsayar da ni yana can ƙasan adakar. Gafaka ce ta jar fata, igiyarta ta bushe, a ciki Alƙur'ani rubutun hannu, warwara ba ɗinki, irin rubutun Barno mai kauri. Wasula da jan tawada, hamza da rawaya, ruwayar Warshu. A gefen wasu shafuka akwai ƙananan bayanai da ajami, Hausa tsantsa, na iya karanta wasu. Na zauna a bakin ƙofa da shi a cinyata na ƙi tashi. Mutumin nan ya ratsa Wadai da Darfur, ya sha rana da ƙishirwa, a hanya an sayar da jaki an sayar da riga, amma wannan ya iso Jidda ba ganye ɗaya da ya ɓata.

Bayan la'asar muka nufi Harajin Sawarikh, kasuwar gwanjo. Ranar Juma'a ba masaka tsinke, kuma tun da aka fara rusau kaya sun yi yawa har farashi ya karye. Tasoshin a kan sikeli aka saye su, kamar ƙarfen bola, abin ya sosa min rai. Dalla ta tafi da araha. Liyari da takardar alhazai su ne suka fitar da mu kunya, wani dattijo mai tara tsofaffin kuɗi ya saye ba ja-in-ja. Kwabbai masu huji kuwa ba wanda ya ko taɓa su, nan ba a san su ba.

Shi dattijon ne ya hango gafakar a jakata. Ya buɗe da ladabi, ya yi tayi mai tsoka, ya ce ganye-ganye ake sa irin wannan a gilashi ana rataya a majalisi. Kawu ya dube ni, na san lissafin da yake yi, don hayar gida ta yi tashin gwauron zabi kuma Hajiya ba ta da inda za ta sa kai sai ɗakin 'yarta. Na ce, "Kawu, ka yi haƙuri, wannan ba ya cikin rabon." Ban da haka ma, doka a nan ba ta bar cinikin kayan tarihi sakaka ba, sai da lasisi. Tun 2014 da Balad, tsohuwar unguwar Jidda, ta shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO ake gyara gidajen attajirai da tagoginsu na katako, kuma ya dace a gyara. Amma Takari, mutanenmu da suka zo daga Afirka ta Yamma, su ma sun zauna a garin nan, sun ɗebi ruwa, sun yi dako, sun koyar da karatu, kuma shaidar zamansu ita ce ake aunawa a sikeli.

Da isha muka kai wa Hajiya rabonta. Ta ƙirga, ta sa mana albarka. Da na miƙa mata gafakar ta ce in ɗauki hoton kowane shafi tukuna, sannan a ba jikanta da ke haddar Alƙur'ani a Makka. Na fara ɗauka a daren nan, na kai ƙarshen Baƙara batirin wayata ya mutu. Gobe da sassafe za mu koma cire ƙofar gidan, Kawu ya ce katakon Jawa ne kuma akwai kafintan da ke nemansa.