Mai shaye-shaye da sahun masallaci

Tun da gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018 wasu suka ɗauka magana ta ƙare, amma ka zaga Gusau da yamma ka gani, tiramol da wiwi da sholisho suna nan daram.

Mu nan da yaro ya fara, sai a ce a kai shi wajen malam a yi mai rubutu. Ban raina addu'a ba wallahi, amma gidan mari ba magani ba ne, kowa ya ga yaran da aka fito da su daga Rigasa a Kaduna a 2019, da sarƙa a ƙafa. Jikin da ya saba da ƙwaya in ka yanke mai lokaci guda sai zufa da rawar jiki da rashin barci, wanga kam aikin likita ne.

Abin da masallaci ke iya yi daban ne, kuma babba ne. Ita kanta giya ai ba rana ɗaya aka haramta ta ba, sai da aka bi mataki-mataki daga Baƙara zuwa Nisa'i kafin Ma'ida ta rufe ƙofa. To me ya sa mu ba mu da wannan haƙuri? Akwai wani ɗan unguwarmu da ya daina, liman ne ya damƙa mai makullin masallaci ya ce shi zai riƙa buɗewa da asuba, wasu dattawa har suna gunaguni wai za a sace amfilifaya. Shi dai ya ce abin da ya riƙe shi sallar dare ce, shi kaɗai, sai kuma sanin cewa in ya makara mutane na tsaye a waje suna jiran shi.