Bakabe a Gaban Kifin Teku

Duk wanda aka haifa a Argungu yana ganin kansa malami ne a sha'anin kifi, ko da kuwa bai taɓa riƙe homa da gora ya faɗa kogin Matan Fada ba, kuma ni ma ban tsira daga wannan girman kan ba. Na tashi ina bambance ragon ruwa da tarwaɗa tun daga nesa, na san yauni da bargi, kuma na sha tsayawa a bakin kogi a ranar bikin kamun kifi, wanda aka faro tun 1934, ina kallon yadda ake ɗora giwan ruwa a kan sikeli. Da wannan taƙamar na shiga wani gidan abinci na alfarma a gaɓar tekun Batu Ferringhi, a arewacin tsibirin Penang na ƙasar Maleshiya, a daren da ƙanena ya karɓi shaidar kammala karatunsa a Jami'ar Kimiyya ta Maleshiya. Ni na ce zan ɗauki nauyin walimar, domin ni ne babba, kuma ni iyayenmu suka wakilta.

Mu uku ne: ni, da ƙanena, da wani abokin karatunsa ɗan ƙasar, wanda kakanninsa Sinawa ne. Tun kafin mu zauna, ƙanena ya tsaya a bakin ƙofa yana duba wata takarda da aka rataye a cikin gilashi. Ya ce mini, "Yaya, wannan ce farkon abin da ake nema." Takardar shaidar halal ce ta hukumar addinin Musulunci ta ƙasar, wadda suke kira JAKIM. Ya bayyana mini cewa akwai gidajen abinci da yawa da suke rubuta cewa ba sa dafa naman alade, amma wannan rubutun kaɗai ba ya isarwa, saboda a girkin Sinawa ana yawan zuba giyar shinkafa a cikin kifi da ƙaguwa domin kashe ƙarni. Ni da na taho da tunanin cewa duk abin da ya fito daga teku ba shi da tambaya, tunda aya ta 96 a cikin Suratul Ma'ida ta halatta farautar teku da abincinsa, kuma mazhabarmu ta Malikiyya ba ta ware ƙaguwa ko jatan lande ba, sai na gane cewa tambayar tana cikin tukunya da abin da mai girki ya zuba a cikinta.

Wurin kansa yana cikin harabar wani babban otal, teburansa a jere har kusa da yashi, ana jin igiyar ruwa tana dukan gaɓa. Ban daɗe ina kallon wannan ba, domin idona ya tafi kan bangon da ke hannun dama, inda aka jera akwatunan gilashi hawa uku cike da ruwan gishiri, iska tana ɓulɓulowa a cikinsu. A ciki akwai kifaye masu rai, da jatan lande masu zane a baya waɗanda kowanne ya kusa tsawon tafin hannuna, da ƙaguwoyi da aka ɗaure musu almakashinsu da igiya. A nan ilimin gida ya yi mini rana. Mai hidimar ya nuna mini wani kifi mai faɗin baki da ɗigo-ɗigo a jiki, wanda suke kira kerapu, amma na lura ya kwanta a gefe guda yana numfashi da ƙyar, sai na girgiza kai na nuna na kusa da shi, wanda ke zagaye akwatin da ƙarfinsa. Mutumin ya dube ni ya yi murmushi irin na wanda ya gane ya haɗu da ɗan gida, ni kuwa na ji kaina ya ƙara girma.

Girman kan nan shi ya hana ni tambaya. A jikin akwatin an rubuta 16, kuma ni a lissafina ringgit 16, a kuɗin ƙasar, shi ne kuɗin kilo guda, har ina cewa a raina ashe kifi ba shi da tsada a tsibiri. Aka ciro kifin da raga, aka ɗora a sikeli a gabana, ya nuna kilo ɗaya da giram 100, na gyaɗa kai, aka wuce da shi kicin. Na ƙara da ƙaguwa biyu da jatan lande, duk ban buɗe baki na ce nawa ba, saboda ina ganin bai dace mai walima ya tsaya ciniki a gaban baƙo ba. Ƙanena yana can yana amsa wayar Inna, bai ga abin da na yi ba.

Abin da aka fara kawowa shi ne miyar tom yam, wadda asalinta daga Tailan ne, mai tsami da yaji, da ƙamshin ciyawar nan mai warin lemo da wasu ke sa wa a shayi. Sai wani ganye mai kama da alayyafo da aka soya da abin da suke kira belacan. Da ƙamshinsa ya bugi hancina sai na yi dariya, domin daddawa ce sak, illa dai su da ƙananan jatan lande da gishiri suke yin tasu, mu kuma da kalwa. Duk abincin a tsakiyar tebur ake ajiye shi, a kan wani faifan gilashi mai juyawa, kowa ya juyo abin da yake so gabansa ya ɗiba. Wannan bai zame mini baƙon abu ba, tunda a akushi ɗaya muka tashi. 'Yan sandunan nan biyu da suke cin abinci da su ne suka gagare ni, kuma bayan jatan lande ɗaya ya suɓuce ya faɗa mini a kan babbar riga, na ajiye su na nemi cokali, ban kuma ga wanda ya damu ba. Ƙaguwar da aka dafa da masoro kuwa da hannu kowa ya ci, da wani ƙarfe na fasa ɓawo, da ɗan kwano na ruwa da yankan lemun tsami don wanke yatsu. Gaskiya ƙaguwa wahalarta ta fi namanta yawa, kuma da a ce zan koma ba zan sake sayenta ba.

Kifin ne ya dakatar da hirarmu. An kawo shi ɗungurungum da kai da jela, a cikin dogon faranti, ba a soya shi ba, ba a kuma banda shi ba. Turara shi aka yi, kamar yadda ake turara dambu, sannan aka zuba masa siraran yankan citta da lawashi, aka kwarara tafasasshen mai a kai, aka kewaye shi da romon waken suya mai ɗan gishiri. Da farko na yi masa kallon abin da bai dahu ba, domin mu mun saba da kifin da ya sha mai har ya yi ƙarau, ko wanda ya kwana a kan hayaƙi, ko wanda ya nutse a cikin miyar tattasai da tarugu. Amma da na ɗora cokali sai naman ya rabu da ƙaya fala-fala, fari tas, ba ko alamar ƙarni, kuma a karon farko na ji ɗanɗanon kifi shi kaɗai, ba tare da yaji ya rufe shi ba. Abokin ƙanena ya ce irin wannan girkin ba ya yiwuwa sai da kifin da aka ciro da ransa, shi ya sa suke ajiye su a ruwa har zuwa lokacin da za a saya, kuma mintocin turarawar kaɗan ne, in aka zarce naman ya yi tauri. Ya sa cokali ya ciro ɗan naman da ke kumatun kifin ya ɗora a farantina, ya ce a wurinsu wannan na babba ne.

Da muka cinye gefe ɗaya na kai hannu zan juya kifin, sai ya riƙe ni da ladabi. Ya ce a al'adar masuntan Sinawa ba a kifar da kifi a faranti, domin suna camfa shi da kifewar jirgin ruwa, don haka sai dai a ɗage ƙashin tsakiya gaba ɗaya a ci na ƙasa. Ban yi masa dariya ba, domin na san masuntanmu ma suna da nasu abubuwan da ba a yi a kan ruwa, kuma ko ba camfi, ɗage ƙashin ya fi tsafta.

Sai takardar kuɗi ta iso. Ashe 16 ɗin nan kuɗin giram 100 ne, saboda haka kifin kaɗai ya tashi a ringgit 176, kuma a kan wannan ma'aunin aka lissafa ƙaguwa da jatan lande. A ƙarƙashin jimillar an ƙara kashi 10 cikin 100 na hidima, da kashi 6 na harajin gwamnati, waɗanda wasu alamun tarawa guda biyu a gefen farashi suke nufi, ni kuwa na ɗauka ado ne. Babu wanda ya cuce ni, domin da na koma na duba akwatin na ga an rubuta ma'aunin a ƙasa da ƙananan haruffa. Na biya ina murmushin yaƙe, amma kuɗin tsarabar da na ware wa yara sun ragu sosai. A cikin mota ƙanena ya ce, "Yaya, ai ko attajiransu sai sun sa an faɗa musu jimilla kifin yana kan sikeli, kafin a yanka shi, kuma ba a ɗaukar haka abin kunya." Na ce masa da ya faɗi wannan tun a bakin ƙofa, lokacin da yake yi mini wa'azin takarda.

Ra'ayina har yanzu shi ne kerapu bai fi yaunin da aka ciro da safe daɗi ba. Abin da suka fi mu shi ne yadda suke riƙe kifi da rai har zuwa tukunya, da kuma sanin lokacin da za a sauke shi. Mako biyu da dawowata na yi sammako zuwa bakin ruwa na sayi ragon ruwa yana motsi, na sa maiɗakina ta turara shi a madambaci da citta da lawashi, muka kwarara masa man gyaɗa mai zafi, na kai wa Inna da hannuna. Ta ci loma biyu ta ce, "Naman yana da daɗi, amma wa ya hana ku yaji?" Sai ta aika jikarta ta ɗauko mata garin barkono.