Yadda aka fasa min tsakuwar ƙoda da leza a Kumasi

Hoton CT, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da na'ura a asibiti, ya nuna tsakuwar da ke ƙodata ta hagu ta kai santimita 1.4, tana kwance a can ƙasan ƙodar. Ni dai raina na kan na'urar nan mai fasa tsakuwa daga waje ba tare da an tsaga fata ba, wadda aka fara aiki da ita a Jamus a 1980. An yi wa wani maƙwabcinmu a Aboabo, bai daɗe ba ya koma shagonsa.

Likita ya juyo min da kwamfutarsa ya ce, "Alhaji, tasa daban, taka daban." Hoton ya nuna tawa mai tauri ce ƙwarai, irin wadda bugun na'urar ba ya cika fasawa. Ko ta fashe ma, ɓarɓashin da ya kwanta a ƙasan ƙoda sai ya hau sama kafin fitsari ya kwashe shi, sau da yawa nan yake maƙalewa. Huda baya a shiga ƙodar kai tsaye kuwa ya fi share tsakuwa tas, amma an fi yi wa wadda ta wuce santimita 2, ga zubar jini da kwanciyar asibiti.

Sai muka tsaya a kan leza, wato haske mai ƙarfi da ake haska wa tsakuwar daga ciki ya farfasa ta. Aka sa ni barci, aka zura siririn bututu mai kyamara ta hanyar fitsari, ya bi ta mafitsara har ƙoda, aka niƙe tsakuwar kamar gari. Ko ɗinki ɗaya babu a jikina.

Wahalar tana ga robar da ake bari tsakanin ƙoda da mafitsara don kada hanyar ta toshe. Fitsari bini-bini, wani lokaci da jini-jini, kwiɓi ya riƙe duk sanda na tsuguna. Daga alwala zuwa sallame salla ma sai na daure. Duk wanda za a yi wa aikin ya tambayi ranar cire ta tun kafin ya bar asibiti, domin idan ta daɗe a ciki tsakuwa kan taru a jikinta.

Yanzu an ce in sha ruwan da zai fitar da fitsari lita 2.5 a rana, in kuma rage gishiri. Uwargida ta daina sa koobi, busasshen kifin nan mai gishiri, a miya, ni kuma na rage tsayawa wurin mai cincinga, wato tsire, da dare.