Abin da dutin dare ya koya min game da ba da magani

Duk wanda bai taɓa raba magani a wod da ƙarfe biyun dare ba, wallahi ba zai gane ta inda kuskure yake shigowa ba. Mutane da sun ji an ba mara lafiya maganin wani sai su ce sakacin nas ne, amma ni abin da nake gani a aikinmu nan Gombe, yawanci nas ɗin ta san aikinta sarai, yanayin aikin ne yake tura ta. Ku biyu ne a wod cike maƙil, an ɗauke wuta, ba a tada janareta ba, kina riƙe da waya a baki kina haska folda, ga rubutun likita da kyar ake karanta shi, ga shi tun safe kike tsaye saboda wacce zata karɓe ki ta tafi Ingila ko Saudiyya kuma ba a ɗauki wata ba.

Abu mafi haɗari da na lura da shi shine katsewa. Kina tsakar zuƙo allura sai ɗan jinya ya dafa ƙofa, "Sista dan Allah ruwan Baba ya ƙare", kina juyowa kin manta mil nawa kika zuƙa. Kuma ba laifinsa ba ne, shi ma tsoro ne ya kawo shi. To ga ƙaramar kwalbar potassium chloride, maganin da ake sirkawa a ruwan da ake ƙara wa mara lafiya, a wasu kamfanonin kamar ta ruwan haɗa allura take, in aka tura ta kai tsaye a jijiya zuciya tsayawa take. Ga insulin, allurar masu ciwon suga, likita ya rubuta 4U da sauri, wato unit huɗu, idon da bai yi barci ba ya karanta 40. Shi yasa yanzu ni sai an rubuta kalmar unit cikakkiya, in ba haka ba na kira likitan ko zai ji haushi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin rage cutarwar magani a 2017, ta ce kuskuren magani yana cin duniya kusan dala biliyan 42 duk shekara. Amma mu nan ko rubuta kuskuren ba a cika yi ba, saboda kowa ya san takardar tuhuma ce zata biyo baya, ba wanda zai tambaya mutum nawa ne a duti ranar. Sai a ɓoye, wata ta sake faɗawa ramin da aka bari a buɗe.

Ɗaliban da ake turo mana nakan ce musu, lokacin miƙa aiki kar ku yarda a tsaya a tebur, ku bi gado gado, ku tambayi mara lafiya sunansa da bakinsa, don Aisha uku sukan haɗu a wod ɗaya. Potassium kuma a kulle shi daban, in za a ba da shi a kira nas ta biyu ta duba. Sai dai ta biyun nan dole sai an ɗauke ta aiki tukuna, wannan kuwa ba a hannun nas yake ba.