Maratayin gam a gidan haya, da abin da zafin Yamai ya koya mani

Ranar da muka tashi daga tsohon gidanmu na Bukoki, mai gidan ya zo da ɗansa suka bi ɗaki ɗaki suna ƙirga ramin ƙusa, yaron na faɗi shi yana rubutawa a bayan wata takardar kuran, sai da suka kai 23. Daga cikin kosiyon ɗinmu, kuɗin ajiyar da muka ba shi lokacin shiga gidan, aka cire kuɗin gyara da na fenti. Na ji ciwon abin ƙwarai a lokacin amma tsakani da Allah ba ƙarya ya yi muna ba, bangon siminti in ka buga mishi ƙusa ba ƙaramin rami take bari ba, wani wurin sai ta ɓantaro shafe kamar tafin hannun jariri, kuma ni ce na buga mafi yawansu.

To da muka samu wanga gida na Talaje, tun kafin mu sauke kaya Alhaji mai gidan ya ce mani, "'Yata, gida naku ne, ku sake, amma don Allah ban da ƙusa, yanzu na gama fenti." Na ce to Baba, in sha Allahu. Alkawari ya ɗauku ke nan.

Wata biyu muka yi da bango fayau, kuma duk macen da ta taɓa zama haka ta san abin da nake nufi. Makulli kullum sai an neme shi, hijabi a kan ƙofa, ludayi da rariya cikin roba ɗaya a ƙasa, jakunkunan lakkol na yara a tsakar ɗaki ana tuntuɓe da su. Ni na tashi a Tawa a ɗakin da komai a rataye yake, Inna tana da ragaya har uku da ƙwaryar nono, faifai a jikin bango, tasbaha a ƙusarta, ko cikin duhu ta miƙa hannu sai ta ɗauko abin da take so. Ɗakin da babu abin ki ko ɗaya a bango sai ki riƙa jin kamar baƙunta kika zo, ko da ke kike biyan haya.

Wata abokiyar aikina ce ta ce in je Katako in nemi maratayi mai gam, wanda ake mannawa ba sai an huda ba. Na je cikin Disamba, hunturu ya sauka. Mai tebur ɗin ya baje mani kala kala, akwai mai faifan roba garai garai da ƙugiyar ƙarfe a tsakiya, akwai fari mai soso a baya, akwai kuma mai kama da ɗan kofi wanda ake dannawa a gilashi. Ya ce, "Hajiya wanga ko buhun shinkafa kika rataya mishi sai dai buhun ya yage." Babu sunan kamfani a jikin ledar, rubutun Sinanci ne da hoton kilo 10. Na saya na jikka 2, na dawo gida ina murna, daren nan na manna su ko'ina, kicin, bayan ƙofa, makewayi, falo. Har agogon bango da Inna ta ba ni lokacin aurena na rataya a falo.

Janairu lafiya, Fabrairu lafiya, har na fara yi wa mutane talla.

Sai Afrilu. Wani dare an ɗauke kuran mun fito da katifu tsakar gida, can wajen ƙarfe 11 muka ji tartsatsin gilashi daga falo. Na shiga da fitilar waya na tarar da agogon a ƙasa, gilashin ya watse har ƙarƙashin kujera, allurar ta tsaya. Na zauna nan ƙasa na yi kuka, don Inna ta rasu shekara huɗu ke nan kuma kayan hannunta da suka rage mani ba su da yawa. Da gari ya waye na ɗauki maratayin na juya bayansa, abin da na gani ya ba ni mamaki, gam ɗin yana nan daram, ya riƙe fenti gam gam, fentin ne ya rabu da bango ya biyo shi, ya bar tabo mai faɗin bakin kofin shayi. Wato ramin da nake gudu na ƙusa ga shi na yi wanda ya fi shi. A satin nan kuma na kicin ya fara nashi, shi bai faɗo ba, sulalowa ya dinga yi a hankali kullum kaɗan kaɗan, ya bar sawu mai danƙo a jikin karo, wato tayil ɗin bango, kamar inda dodon koɗi ya bi.

Abu biyu ne daban suka faru, kuma sai da na zauna na yi ta karatu a intanet na gane su.

Na farko zafi. Gam ɗin waɗannan maratayai ba irin kol ɗin kafinta ba ne da ke bushewa ya zama dutse, shi ba ya bushewa sam, yana nan da laushi har abada, da laushin nan yake shiga ƙananan ƙofofin bango ya kama, shi ya sa ake cewa a danna da ƙarfi. To abu mai laushi in ya sha zafi ƙara saki yake, kamar cingam da aka bari a rana, nauyi na jan shi ƙasa dare da rana har ya sulale. Kamfanin 3M na Amurka, masu yin wanda ake kira Command tun 1996, su da kansu sun rubuta a cikin bayanin kayansu cewa gam ɗin na iya yin laushi ya saki in zafi ya wuce digiri 40. Na ji daɗin gaskiyar da suka faɗa. Amma ku duba mu nan Yamai, Afrilu da Mayu ai digiri 40 abincin yau da kullum ne, rana da yawa ma ya wuce, kuma wannan na iskar waje ne, ba a maganar bangon da ke kallon yamma wanda rana ke duka tun azahar har magariba, ga rufin kwano a sama. Bulon siminti yana shanye zafin nan ya riƙe, ki taɓa shi bayan isha'i ki ji kamar bayan tanda. Bangon da na sa agogon Inna shi ne daidai na yamma. Ban taɓa kawo wannan a raina ba, inda ya fi kyau da kallo kawai na duba.

Na biyu shi ne bangon kansa, kuma wannan ya fi zafin ma muhimmanci a wurina. Maratayi ba bango yake kamawa ba, abin da ke saman bango yake kamawa. In fentin ruwa ne mai arha da aka tsinka shi sosai, ko farar ƙasa aka shafa, to ƙarfin maratayinki bai wuce ƙarfin da wannan fentin ya riƙe siminti da shi ba, ko gam ɗin na wace ƙasa ne. Yanzu kafin in manna komai sai na shafa tafin hannuna a wurin, in ya fito da fari kamar na taɓa alli na haƙura. In bai fito ba sai in manna ɗan salatif a can ƙasa inda ido ba ya kaiwa, in bar shi ya kwana in ɓalle, in ya taho da fenti shi ke nan an gama magana. Bangon da aka yi wa shafe mai ƙurji ƙurji ma kada ki ɓata kuɗinki, gam ɗin kan tsinin ƙurajen kawai yake zama, rabin faifan a iska yake. Inda suke jin daɗi shi ne karo, gilashi, ƙofar da aka yi wa fentin mai, jikin kabad mai santsi. Jikin firigo ma yana yi, sai dai ki taɓa gefen tukun, da yawa gefensu ɗumi yake don ta nan suke fitar da zafi, ƙofar ta fi.

Sai kuma ƙura, wadda mu ba ma ganin ta don mun saba. Daren da na manna nawa na farko hunturu ake, ban goge ko'ina ba, na ɓare takarda na liƙa kawai, wato rabin gam ɗin ƙurar Sahara ya kama. Yanzu alkol nake saye a farmasi in jiƙa ɗan ƙyalle in goge wurin in bari ya bushe. Ba ruwan omo ba, sabulu yana barin wani santsi da ido ba ya gani. A kicin sau biyu nake gogewa saboda tururin mai da ke kwanciya a karo. In na manna sai in danna da babban yatsa in ƙirga 30 a hankali, sannan abin da ya fi wuya, a bar shi haka nan babu kaya. Masu Command sun ce awa 1, sun kuma ce sabon fenti a ba shi kwana 7. Ni waɗannan marasa suna kwana guda cur nake ba su, kuma da asuba nake mannawa lokacin da bango ya huce.

Maganar da ake rubutawa a leda cewa ana cirewa a sake amfani da shi, gaskiya ce amma da sauran bayani. Mai soso fari a baya in kin cire ya tashi aiki, ƙugiyar ce kawai za ta sake amfani in kin samu sabon gam. Na Command haka tsarinsu yake tun farko, ƙugiya daban, 'yar igiyar gam daban, tana da ɗan harshe da ke leƙowa ƙasa, in za ki cire sai ki ja harshen ƙasa a hankali yana shafar bango, kada ki jawo shi wajenki, yana miƙewa yana miƙewa har ya saki bai ɗauko fenti ba, sai ki sa sabuwar igiya. Wata 'yar uwar maigidana ce ta kawo mani kwali ɗaya daga Faransa, ina ta tattalin igiyoyin. Wanda ake sake amfani da shi da gaske shi ne mai danƙo garai garai kamar jeli, in ya sha ƙura ya daina kamawa sai ki wanke da ruwa zalla ki bari ya bushe da kansa, kada ki goge da tsumma don zaren zai manne, ƙarfinsa ya dawo. Na wanke nawa ya kai sau huɗu, na lura kowane wanki yana ɗan rage mishi ƙarfi, yanzu makulli kawai nake ba shi.

Mai kama da kofi shi babu gam ma a jikinsa, iska ce ke riƙe shi. In kin danna kin kore iskar ciki, ta waje ta danne shi da gilashi, kuma nauyin iskar nan ba wasa ba ne, wajen kilo 1 ne a kan kowane santimita murabba'i. Matsalarsa ƙwayar rairayi ɗaya in ta shiga bakin ta buɗe wa iska hanya, yau yana nan gobe yana ƙasa. A madubin makewayi yana yi mani aiki, soson wanka na yara ke jiki, duk Juma'a in cire in wanke in ɗan jiƙa bakin in mayar. A gilashin taga mai shan rana kuwa robar taurara take yi ta daina lanƙwasa, na gwada biyu na bari. Tagoginmu na ƙarfe da rana ke gasawa ma ban ƙara kusantar su da gam ba.

In wanda ba shi da harshe kike son cirewa, don Allah kada ki fizge. Ki sa zare mai ƙarfi ta bayansa ki riƙa ja hagu da dama kamar mai yanka sabulu, in kina da abin busar da gashi ki ɗan hura mishi zafi tukun, sauran danƙon da ya rage a karo ɗigon man gyaɗa yana fitar da shi.

Kilo 10 ɗin da ke jikin leda ban ƙara kallon shi ba. Manyan na Command ma da yawansu kilo 2 da 'yan kai aka rubuta, ƙananan ba su kai rabin kilo ba, to ina ga wanda ba a san mai shi ba. Ni dai ma'aunina kwalbar ruwa ce mai lita 1 da rabi, nauyinta kilo 1 da rabi ke nan, duk abin da na ɗaga na ji ya kai ta ba ya hawa gam a gidana. Ki tuna kuma tawul in ya jiƙe ba nauyinsa na bushe ba ne, kuma yaro ba cire jaka yake ba, fizgo ta yake. Jakunkunan lakkol na saya musu maratayin ƙarfe mai hawa kan ƙofa. Saman gado da inda jariri ke kwanciya babu abin da ke rataye ko da ƙarami ne. Igiyar sange kaɗai na yarda, don ko ta saki yadi ne zai faɗo, ita ma da damina nake duba ta kusan kullum saboda sauro ba ya jiran a gyara gobe.

Yanzu a kicin akwai guda 6 a jere a karo, nesa da murhun gas, ludayi, rariya, maburgi, tsumman hannu, sun ga zafi biyu ba su motsa ba. Bayan ƙofar ɗaki hijabina biyu da tasbaha. Ƙanwata ta kira daga Tawa ta ce, "Yaya aiko mani da irin naki," na ce ke da ke ɗakin laka a gidan mijinki, nemi ƙusa ki buga abinki, gam ba ya kama ƙasa.

Tabon falo kuwa ban ɓoye ba, na je na faɗa wa Alhaji da bakina, na ce zan biya mai fenti. Sannan na roƙe shi abu ɗaya. Muna da allon Ayatul Kursiyyu mai gilashi wanda tun zuwanmu yake jingine a kan kabad, na ce Baba wanga ba zan iya ɗora shi a kan gam ba, in ya faɗo ƙasa ba zan yafe wa kaina ba. Ya yi shiru kaɗan ya ce in je zai zo. Bayan la'asar sai ga shi da guduma da ƙusar siminti guda biyu a aljihu, ya tambaye ni inda nake so, na nuna mishi bangon gabas. Shi da kansa ya buga ta allon. Ya juyo ya ce, "Ina agogon mahaifiyar taki, an gyara?" Na ce mai gyara ya sa sabon gilashi, yana tafiya. Ya ce kawo shi, ya buga ta biyun.