Kek ɗin suna da ya koma ƙuli-ƙuli

Har yau idan ƙamshin man ƙuli ya daki hancina sai na tuna da kwalayen nan. Kek ƙanana guda 250, na sunan ɗan ƙanwar maigidana, kuma ni da bakina na ce kada a kai aikin waje tunda ga ni a gida.

Daren suna, kwaɓi biyu na farko sun fito lafiya lau. Na zo na uku, wanda ya fi yawa, sai na tarar bota ta ƙare ƙarƙaf. Ƙarfe 11 ta wuce, shagon unguwa a rufe, ƙwai kuwa na riga na fasa kiret guda a roba. Ina waigawa na hango galan ɗin man gyaɗa da aka kawo mana tsaraba daga ƙauye, irin wanda mata ke matsewa da hannu wajen yin ƙuli. Na ce a raina, ai mai duk mai ne. Inda zan sa kofi 4 na bota, na tsiyaya kofi 4 na man nan cif.

Ban tsaya nan ba. Na zuba sukari a kai na hau bugu yadda na saba, ina jira ya yi fari ya taso. Minti 20 ina abu ɗaya, kafaɗata kamar za ta ɓalle, sukarin yana kwance a ƙasan roba abinsa. Nan ya kamata in gane akwai matsala, amma barci da gaggawa suka rufe min ido.

Abin da ya fito daga oben ba a cewa komai. Bai tashi ba, tsakiyarsa ta lotsa, takardar gindinsa ta jiƙe sharkaf, kwalin da na jera su a ciki kafin asuba ya yi tabon mai. Ga uwa uba warin ƙuli, wanda banila kwalba guda ba ta iya danne shi ba. Ba lokacin sakewa, haka na ɗauka na kai. Hajiya, surukata, ta gutsura a gaban ƙannenta, ta tauna a hankali, ta ce: "'Yar nan, ƙuli-ƙuli kika yi mana da sukari?" Ɗaki ya kwashe da dariya. Ni dai kaina a ƙasa, na ce, "Ku yi haƙuri, Hajiya." Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige.

Haushin ne ya sa na zauna na bi diddigin abin, na yi ta gwaji da kofi ɗaya ɗaya na fulawa. Ashe bota ba zallar mai ba ce. Kusan kashi 80 cikin 100 ne maiƙo, saura ruwa ne da ɗan burbushin madara. Ko wadda muke saye ta gashi irin su Simas, da man itatuwa aka yi ta amma an haɗa ta da ruwa an daskarar. Man gyaɗa kuwa maiƙo ne tsantsa. Kenan da na sa kofi 4, na ƙara maiƙon da fulawar ba za ta iya shanyewa ba, na kuma rage mata ruwan da take buƙata. Kofi 3 ya kamata in sa, in cike gurbin da madara. Kofi guda tal na wuce gona da iri, ya ja min asarar ƙwai 30 da kunya a gaban surukai.

Maganar bugun nan ita ta fi ba ni haushi, don wahalar banza na sha. Bota daskararriya ce, idan ana buga ta da sukari, ƙwayoyin sukarin suna ratsa ta suna barin 'yan ƙofofin iska, su ne bekin foda ke hurawa a wuta kek ya tashi. Shi kuwa mai ruwa-ruwa ne, ba ya riƙe iska ko za a kwana ana bugu. Yanzu ƙwai da sukari nake bugawa har su yi kumfa su yi kauri, sannan in riƙa tsiyaya man siriri ina juyawa, fulawa a ƙarshe, ba tare da dogon juyi ba. Dabarar ma tsohuwa ce: wani mai sayar da inshora a Amurka, Harry Baker, ya ƙirƙiro kek ɗin mai da farin ƙwai da aka buga ya yi kumfa a 1927, ya ɓoye sirrinsa shekara 20 kafin ya sayar. Ni kuwa sai da na sha dariyar dangin miji na gano.

Sai gishiri. Yawancin botar kasuwa da gishirinta take zuwa, idan aka koma mai dole a barbaɗa kaɗan, in ba haka ba kek ɗin lami zai fito.

Man kuma ya zama tataccen da ba shi da ƙamshi, na waken suya ko na gyaɗar kamfani. Na ƙauye yana da daɗi, amma a miya da wake da shinkafa. Manja kada ma a fara. Man shanu na gwada sau ɗaya, yara suka ce kek ɗin miyar kuka yake tuna musu.

Cincin yana karɓar mai ba gardama, sai dai ya ɗan fi ƙarfi a haƙori. Mitfai ne ya ƙi sam. Ɓawonsa sai an murza daskararren mai cikin fulawa ya zama kamar tsaki, shi ke sa ya yi rugu-rugu a baki. Da na sa mai, kwaɓin ya riƙa yagewa wajen murzawa, ya ƙi riƙe naman. A nan kam bota ba ta da madadi a wurina.

Abin da ban zata ba, kek ɗin mai idan an auna daidai ya fi daɗewa da laushi. Na bota kwana biyu ya fara tauri, musamman lokacin hunturu ko a firij, saboda botar ta koma ta daskare. Na mai kwana uku yana nan luƙui. Da ƙaramar sallah shi na yi, kofi 3 a maimakon 4, na aika wa Hajiya nata a kula. Ta cinye biyu, sannan ta aiko jikarta ta tambaye ni ko man ƙulin nan ya ƙare ne. Galan ɗin yana nan, na mayar da shi bayan buhun gawayi, nesa da fulawa.